Daga Birni zuwa Zango, daga Miriya zuwa Tirmini: tarihin Damagaram bisa hanyoyinta

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekara ta 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya rushe a gaban idon jama'a. Ginin ƙasa ne wanda magina suka ɗora tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga sarakuna, ya ga zuwan Nasara da tafiyarsu, ya ga samun mulkin kai cikin 1960. Damanar wannan shekara ta yi ɓarna ko'ina cikin ƙasar Nijar: bisa ƙidayar hukuma kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ruwa ya yi musu ta'adi. Amma faɗuwar masallacin ta tayar da wata tambaya ta daban, wadda ta shafi mahukunta da talakawa baki ɗaya. In bango ya faɗi, tsohon da ya san labarinsa kuma ya kwanta dama, mi ya rage wa na baya?

Amsar tana cikin lungunan garin, da sunayen unguwanninsa, da ƙananan ƙauyukan da suke kewaye da shi. Tarihin Damagaram yana rubuce a cikinsu ga wanda ya iya karantawa.

Gari bisa dutsi

Wanda ya taso daga Yamai bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, ya ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, sai ya ci kusan kilomita 900 kafin ya shigo Damagaram. Abin da zai fara gani shi ne duwatsu, manya masu sulɓi, waɗansu bisa waɗansu kamar an jera su da hannu, gidaje kuma sun lafe a tsakaninsu. Waɗannan duwatsu su ne arzikin garin na farko, su ne kuma matsalarsa ta kullum. A zamanin yaƙe-yaƙe sun zama mafaka da wurin hangen abokan gaba. To amma ƙasar da ke shimfiɗe bisa dutsi ba ta ajiye ruwa da yawa a cikinta. A haƙa rijiya a tarar da fa, ɗan ruwan da aka samu kuma ya ƙafe da bazara. Ruwan saman da ke sauka a shekara yakan kai wajen milimita 400, yawancinsa cikin Yuli da Agusta. Shi ya sa ƴan garuwa suke cikin mutanen da aka fi sani a titunan garin. Shi ya sa kuma ruwan famfo ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Ke nan ko ruwan da ɗan birni yake alwala da shi, daga ƙasar ƙauye ya fito.

Manyan hanyoyi ne suka haɗu a garin. Ta gabas tana zuwa Miriya, Gidimuni, Gure, har Difa. Ta arewa, mai lamba 11, tana ratsa Tanut da ƙasar Damargu zuwa Agadas. Ta kudu tana sauka Magarya, wata kuma ta rabu daga Takeita ta bi Matamai da Ɗan Barto ta nufi Daura da Kano, wadda ke da nisan wajen kilomita 240. Kwalta sabuwa ce, amma fuskokin da ta bi tsofaffi ne, don kuwa ayarin raƙuma da na jakai ne suka fara buɗe su. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun kai wajen dubu 235, na jihar baki ɗaya kuma sun haura miliyan 3 da rabi. Mafi yawansu a ƙauye suke.

Ƙauye ne ya haifi birni

Baƙo yakan yi mamakin gari mai suna biyu: a takardun hukuma Zindar, a bakin jama'a Damagaram. Dalilin yana cikin tarihi. Masana da suka bi salsalar masarautar, cikinsu har da marigayi André Salifou, ɗan garin wanda ya wallafa littafi a kanta cikin 1971, sun nuna cewa wani malami ne daga ƙasar Barno ya kafa gidan sarautar cikin rabin farko na ƙarni na 18. Damagaram asalinsa sunan wani ƙaramin gari ne a gabas, wanda yau ake kira Damagaram Takaya. Zuriyar malamin ta yi ta ƙaura daga wannan ƙauye zuwa wancan, tana bin Barno tana kai mata gaisuwa, har farkon ƙarni na 19, lokacin da Sarki Sulaimanu ya mai da gadon sarauta Zindar. Ita ma Zindar a lokacin ƙauye ce tsakanin duwatsu. Sarauta ta zo da sunan tsohon mazamninta, sunan kuma ya rufe ƙasar duka, har ya rufe birnin.

Wanda ya ɗaukaka garin shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da babbar ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera bindigogi da igwa a cikin gari, ya kuma shigar da ƙasashen maƙwabta ƙarƙashin ikonsa. Baƙi na nesa sun ga garin a wannan zamani: James Richardson, mutumin Ingila, ya sauka a nan cikin Janairun 1851, Heinrich Barth, mutumin Jamus, kuma ya iso a ƙarshen 1852 ya yi kimanin wata guda kafin ya nufi Katsina. Nasaran da suka zo a ƙarshen ƙarnin sun tarar da ganuwar tana tsaye, mai kauri daga tushe, da ƙofofi bakwai. Yau guntayenta ne suka rage nan da can. Da aka daina gayyar yaɓe duk shekara, ruwa ya ci rabonsa, masu neman ƙasar gini kuma suka ɗebi nasu.

Lungunan Birni

Mai shiga Birni ba ya samun miƙaƙƙen titi. Lungu ne ke haifar lungu, wani ya kewaye dutsi, wani ya ƙare a bakin zaure. Wanda bai sani ba sai ya ce rashin tsari ne, alhali kuwa akwai hikima. Ƙunƙuntar hanya tana ba da inuwa da rani, tana karya ƙarfin iskar hunturu, a zamanin da kuma tana rikita mahayin da ya kutso da mugun nufi. Faɗin lungu an auna shi ne da jaki da kayansa, ko doki da mahayinsa. Gida yakan faɗaɗa gwargwadon yawan iyali, hanya kuma ta kauce masa, ta bi inda ruwan indararo yake gangarawa zuwa kududdufi. Shi kuma kududdufin, daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka yi tubalin gidajen.

Duk lungunan nan fada suke fuskanta. Gabanta akwai fili mai faɗi inda ake hawan salla, inda mahaya suke jinjina wa sarki. Sarautun fada irin su Ciroma, Kaigama da Galadima suna tuna wa mai sauraro dangantakar gidan da Barno. A fuskar tsofaffin soraye kuma ana ganin aikin magina: zankwaye a bisa, zane mai tudu a jikin bango, rufin azara, da shafen makuba mai hana ruwa shiga. Saboda wannan gado ne cikin 2006 ƙasar Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su, kamar yadda ta amince da tsohon garin Agadas cikin 2013.

Zango, masaukin ayari

Arewa da Birni, bayan ganuwa, Zango take. Sunanta ya faɗi aikinta. Nan ayarin Abzinawa yake sauke kantun gishirin Bilma da dabino, nan fataken Gadamas da Tarabulus suke ajiye yadi, takarda, sukari da turare, su ɗauki fatu, gashin jimina da hauren giwa. Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye: cikin abin da aka yi fataucinsa bisa wannan hanya har da bayi, ƙauyuka da dama kuma sun zama kufai saboda harin masu kamu. Hanyoyin Zango sun ɗan fi na Birni buɗewa, don raƙumi da kayansa ba ya shiga inda jaki yake shiga. Babban attajirin unguwar a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai har Tarabulus. Manyan sorayen fatake masu ado da ke tsaye a Zango shaidar wannan arziki ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kayan Turai suka riƙa shigowa ta teku da araha, cinikin hamada ya mutu a hankali, fuskar kasuwar Damagaram ta juya kudu.

Titin Nasara

Cikin watan Mayu na 1898 aka kashe kaftin Cazemajou, jami'in Faransa, a Zindar, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yulin 1899, sojojin Faransa suka yi karo da mayaƙan Damagaram a Tirmini, suka shiga birni, cikin Satumba kuma aka kashe sarkin. Bisa tulin duwatsun da ke hangen Birni suka gina barikinsu, suka sa masa sunan kaftin ɗin. Bayan mulkin kai aka sake masa suna zuwa na Tanimu. Cikin 1906 Nasara suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, gadon sarauta kuma bai koma hannun ɗan gidan ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa.

Daga 1911 zuwa 1926 Zindar ce babban birnin ƙasar. Ƙarancin ruwa, da kusancin Kano da ke hannun Ingilishi, da nisan garin daga sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka a yamma, su suka sa aka mai da fadar gwamna Yamai, bakin kogin Kwara. A filin da ke tsakanin Birni da Zango aka yanka Sabon Gari, da ma'aikatu, da kantunan masu sayen gyaɗa. Titunansa miƙaƙƙu ne, an ja su da igiyar awo, suna gicciye juna kamar layin dara. Saboda haka mai tafiya da ƙafa yana iya ratsa zamani ukku cikin sa'a guda: lungun jaki a Birni, hanyar raƙumi a Zango, titin mota a Sabon Gari.

Garin bai tsaya nan ba. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda jama'a suke tunawa da sunan El Buhari, sun koro dubban mutanen karkara zuwa bakin birni, da yawansu kuma ba su koma ba. Sunan unguwar Share Zamna shi kaɗai ya isa labari. Garin Malam, Tudun Jamus da Karkada, kowace da tarihinta a bakin tsofaffinta. Kara-Kara, inda aka taɓa keɓe masu cutar kuturta da naƙasassu, ita ce Aicha Macky, ƴar garin, ta nuna wa duniya cikin fim ɗinta na 2021. Ayyukan Zindar Sabuwa na bikin 18 ga Disamban 2018 sun ƙara kwalta da fitilu a manyan tituna. Amma har yau in baƙo ya tambayi hanya, ba sunan da ke bisa taswira ake faɗa masa ba. Ce masa ake ya wuce masallacin wane, ya karya bayan kasuwar Dole, ya tambayi gidan mai unguwa.

Abin da sunan ƙauye yake faɗa

Ƙauyen ƙasar Hausa ba ya rasa dalilin sunansa. Wanda ya fara da Gidan, Garin ko Unguwar, yawanci sunan wanda ya sari dajin ne yake biye. Wanda ya fara da Rijiyar ko Tabkin yana nuna ruwan da ya tsayar da mutane a wurin. Waɗansu sunan itace suka ɗauka, irin su magarya, kanya, kuka da gawo. Zango yakan nuna masaukin Buzaye, Ruga kuma na Fulani. Sunaye masu ƙarewa da "ram", kamar Kolleram, Albarkaram da Ganaram, suna nuna sawun harshen Barebari. In ƙasa ta gaji ko gida ya cika, ƙane yakan ɗauki iyalinsa ya nemi izinin hakimi, ya haƙa rijiya a gaba, sai a sami Sabon Gida kusa da tsohon. Mai bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya zai ga yadda dangi suka bazu, da inda ruwa yake, da inda ya ƙafe.

Miriya, mai nisan kilomita 18 gabas da birni, tana da sarautarta tun kafin Zindar ta yi suna. Ita da Waca da Dungas su ne ƙasashen Sosebaki, waɗanda daga baya suka shiga ƙarƙashin Damagaram. An san ta da kukoki, da lambuna, da tukwane da tuluna da ake kawowa kasuwarta ta Lahadi. Tirmini kuwa, a yamma bisa hanyar Takeita, matafiyi yakan wuce ta cikin ƙiftawar ido bai san cewa a filayenta aka yanke makomar masarautar ba. Gidimuni tana da tabkinta da dabinonta, cikin 2019 kuma aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Can kudu, a kwarin Korama, ruwa yana kusa da bisa, shi ya sa rake, rogo da kayan lambu suke fitowa daga fadamun yankin zuwa kasuwannin birni.

Ƙasashen Miriya, Matamai da Magarya sun shahara da gawo. Itace ne mai zubar da ganye da damana, ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani, ƴaƴansa kuma su ciyar da dabbobi. Ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya kafa doka mai tsanani bisa duk wanda ya sare shi. Bayan farin 1984 manoman yankin suka koma barin tsiron itace cikin gona suna yi masa aski maimakon tumɓukewa, abin da ake kira sassaben zamani, har gonakin da suka yi fayau suka sake yin inuwa.

Shi ma ƙauye yana da titunansa: hanyar rijiya, hanyar kasuwa, hanyar maƙabarta, da burtalin da dabbobi suke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya. Inda gona ta ci burtali, nan rigimar manomi da makiyayi take farawa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye don shata irin waɗannan hanyoyi. Amma kwamiti ba ya shata abin da bai sani ba, sai ya tambayi dattijon da ya ga inda burtalin yake bi tun yana yaro.

Suna a baki, suna a takarda

Nasara sun rubuta sunayen ƙasar yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar harshensu. Gidan ya koma Guidan, Unguwar ta koma Angoual, Zango ta koma Zengou, Tasawa ta koma Tessaoua, Dogon Dutsi ya dunƙule ya zama Dogondoutchi. Wanda ya koyi karatun Hausa a ajin yaƙi da jahilci yakan tsaya gaban allon garinsu ya kasa gane sunan da aka haife shi a ciki. Abin ya wuce batun ado. Ƙauye guda yakan fito da rubutu iri biyu ko ukku, ɗaya a takardar haihuwa, ɗaya a rajistar haraji, ɗaya a taswira. Ga kuma Sabon Gari barkatai cikin gunduma ɗaya. Ranar rabon taimako ko ranar neman takardar gona, talaka ne yake shan wahalar wannan ruɗani.

Cikin watan Oktoba na 2024 hukumomi a Yamai sun sake sunayen waɗansu wurare, titin de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Cikin Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan ya buɗe ƙofa ga aikin da ya fi sake allo wuya, wato tattara sunayen da jama'a da kansu suka raɗa wa lungunansu da ƙauyukansu, da rubuta su daidai.

Aikin da ke jiran hannu

Aikin kashi biyu ne. Na farko na mahukunta ne da masu unguwanni. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe kafin damana, da gyaran indararo, da buɗe hanyar ruwa. Shafa siminti bisa bangon tubali yakan kulle laima a ciki, bangon ya ruɓe ta ƙasa ba a sani ba. Cike kududdufi a yi gini a kansa kuma ba ya hana ruwa zuwa inda ya saba, sai dai ya shiga ɗakin mutane. Tsofaffin magina da suka san haɗin makuba da ɗaurin azara suna raguwa, ya kamata a haɗa su da matasa tun suna da ƙarfin hawa tsani. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu na duk wanda ya iya riƙe alƙalami ne, musamman waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci. Ba ya bukatar kuɗi, littafin rubutu guda ya isa. A sami maigari, ko liman, ko tsohuwar da ta fi kowa shekaru, a tambaye su abu biyar. Wa ya kafa garin ko unguwar, daga ina ya zo? Mi sunan yake nufi? Wace rijiya ce ta fari, wa ya haƙa ta? Su wa suka yi sarautar garin bi da bi? Ta ina burtali da tsohuwar hanyar kasuwa suke bi? A rubuta amsar da Hausa, a sa ranar da aka ji ta da sunan wanda ya faɗa. In bakin mutum biyu ya saɓa, a rubuta duka biyun. Sa'an nan a ajiye ɗaya wurin maigari, ɗaya a makarantar garin, ɗaya a ma'aikatar magajin gari.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Masallacin Birni ana iya sake ɗora shi, tun da akwai hotunansa, akwai kuma waɗanda suka yi salla a cikinsa. Labarin ƙaramin ƙauyen da ba shi cikin kowane littafi, in mai shi ya tafi da shi kabari, babu maginin da zai tayar da shi. Rani ne lokacin wannan aiki, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, tsofaffi kuma suna zamne gindin itace suna jiran mai tambaya.